KUJERAR LILO MAI FIFITA: Yadda Amurkawa Suka Yi Fama Da Zafi Kafin Zuwan Lantarki

Duk mutumin da ya baro Arewa ya zo neman abinci Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ba ya bukatar a yi masa bayanin bambancin zafin gida da na Kudu. A Kano ko Sakkwato, ko da a tsakiyar bazara ne, in mutum ya sami inuwar darbejiya ya zauna, kafin wani lokaci gumin jikinsa ya bushe. A kurmi kuwa sai riga ta jiƙe ta manne a baya tun da hantsi, ta kuma wuni a haka. In aka yi rashin sa'a aka ɗauke wuta da dare, fanka ta tsaya, sai a koma ga mafici ko guntun kwali, a yi ta fifita har hannu ya gaji, barci kuma ya gagara.

To, wannan gajiyar hannu ita ce ta dami waɗansu mutanen Amurka shekaru fiye da 200 da suka wuce, tun duniya ba ta san fankar lantarki ba. Dabarar da suka yi kuwa ita ce suka ɗora wa kujerar da suke zama a kanta aikin fifita. Watau mutum ya zauna yana ɗan lilo gaba da baya, ko yana taka wani ɗan katako da ƙafa, motsin nan kuma shi ne zai riƙa kaɗa mafici a bisa kansa, hannuwansa biyu suna hutawa ko suna riƙe da littafi.

DAMINAR FILADELFIYA

Labarin ya fi shahara ne a birnin Filadelfiya. A shekarar 1787, daga ranar 25 ga Mayu zuwa 17 ga Satumba, wakilan jihohin Amurka suka taru a wannan birni don rubuta tsarin mulkin ƙasarsu. Lokacin zafi ne, ga shi kuma sun yanke shawarar riƙe sirrin abin da suke tattaunawa, saboda haka tagogin zauren taron a rufe suke. Wakilan suna sanye da manyan kwat irin na zamanin, gari kuma cike da ƙudaje, domin dawaki ne abin hawa, titi ba ya rabuwa da kashinsu.

Kimanin shekara guda kafin wannan taro, wani mai sana'ar ƙera kayan kiɗa a birnin, mai suna John Cram, ya haɗa wata kujera mai fifita, ya yi wa shahararren mai zanen nan Charles Willson Peale guda. Kujerar katako ce irin wadda kowa ya sani, sai dai an kafa mata sanda a baya wadda ta lanƙwaso ta bisa kan mai zama. A ƙarshen sandar aka rataye faifan kwali mai fāɗi, a ƙasa kuma aka sa mataki kamar na keken ɗinki. In an taka, faifan ya riƙa kai da komowa, yana kawo iska yana korar ƙuda.

Shugaban taron, George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko a 1789, ya sayi irin wannan kujera a wannan damina a kan sule 32 da sisi na kuɗin lokacin, aka kai masa ita gidansa na gona da ake kira Mount Vernon a jihar Bajiniya. Ainihin tasa ta salwanta, amma masu kula da gidan, wanda ya zama gidan tarihi, sun ajiye wata irinta a ɗakin karatunsa don masu ziyara su gani.

Shi kuwa dattijon taron, Benjamin Franklin, mai shekara 81 a lokacin, tasa kujerar mai lilo ce. Wani limamin kirista mai suna Manasseh Cutler ya ziyarce shi a watan Yuli na 1787, ya kuma rubuta a littafin ajiyar labaransa cewa ya ga wata babbar kujera mai hannu, mai lilo, da ƙaton mafici a samanta, wadda dattijon yake fifita da ita yana korar ƙuda yayin da yake karatu, ba tare da ya yi kome ba sai ɗan motsa ƙafa. Wannan ne ya sa waɗansu ke cewa Franklin ne ya ƙago kujerar lilo, alhali an san ta tun kafin ya shahara.

WA KE JAN IGIYA?

Domin mai karatu ya gane muhimmancin wannan dabara, sai ya tambayi wanda yake yi wa manya fifita a da. Kalmar fanka kanta asalinta daga Indiya take, Turawan Ingila suka zo da ita har ta shiga bakin Hausawa. A Indiya, fanka wani dogon allo ne mai tufa da ake ratayewa a rufin ɗaki, a ɗaura masa igiya, a fitar da igiyar waje ta wata ƙofa a bango. Wani talaka ne yake zama a baranda yana jan igiyar nan dare da rana a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in kuwa gyangyaɗi ya kwashe shi iska ta tsaya, to, ya sha faɗa, wani lokacin har da duka.

A kudancin Amurka abin ya fi haka muni, domin bayi ne suke wannan aiki. A gidajen masu gonakin auduga an rataye irin wannan fanka a bisa teburin cin abinci, a tsayar da yaro bawa a kusurwa yana jan igiya har iyayen gida su gama ci. A garin Natchez na jihar Misisifi akwai wani tsohon gida mai suna Melrose inda fankar katako take rataye a ɗakin cin abinci. Shi kansa Washington, da ya sayi kujerar da ke ba mutum damar yi wa kansa fifita, akwai bayi 317 a Mount Vernon a shekarar 1799 da ya rasu. Ba a soke bauta a Amurka ba sai a 1865.

Saboda haka kujerar nan ta fi amfanar matsakaicin mutum, kamar malamin makaranta, ko akawu, ko tsohuwa mai saƙa, ko mara lafiya, wanda ba shi da bawa ba shi da bara, amma zafi da ƙuda ba su ƙyale shi ba.

YADDA TAKE AIKI

A ƙarni na 19 masu ƙirƙira suka yi ta kai sababbin samfura ofishin gwamnati mai ba da takardar mallakar fasaha. A 1847 wani mazaunin Niyu Oliyans mai suna Charles Horst ya sami takarda a kan kujerar lilo haɗe da fanka. Ba abin mamaki ba ne a ce daga wannan birni ta fito, domin yana bakin kogin Misisifi ne, cikin fadama, zafinsa da laimarsa da sauronsa kusan irin na Ikko ne. A 1869 kuma Charles Singer na garin South Bend a jihar Indiyana ya sami tasa takardar a kan wata kujerar dabam.

In aka duba samfuran nan, za a ga hanyoyi uku aka bi. Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce a rataye mafici a sanda bisa kan mai zama, a haɗa shi da igiya ko ɗan ƙarfe zuwa wani abin da ba ya motsi a ƙasa. Kujera ta yi baya, igiya ta ja maficin ya yi gefe guda. Ta dawo gaba, ya koma. Kowane lilo ɗaya, kaɗawa ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a mai da lilo ya zama juyi. Kowane tela ya san wannan, domin haka keken ɗinki na ƙafa yake: mataki yana sama da ƙasa, sandar ƙarfe tana tura babbar ƙafa mai nauyi, bel kuma yana ɗaukar juyin zuwa ƙaramar ƙafa wadda ta fi ta gudu. In aka sa fukafukai a jikin ƙaramar, an sami fanka mai juyawa. Amfanin nauyin babbar ƙafar shi ne ta ci gaba da juyawa a daidai lokacin da kujera ta kai ƙarshen lilonta ta tsaya kafin ta juyo.

Hanya ta uku, wadda Singer ya bi, dabarar maƙera ce. Ya sa zuga-zugi a ƙarƙashin mazaunin kujera, nauyin mai zama yana matse shi yana sakinsa, iskar kuma tana bi ta cikin wani bututu da ya lanƙwaso sama ta huro wa mutum a ka da fuska. Abin da maƙeri yake hura gawayi da shi, shi aka juya aka sa yana sanyaya jiki.

Sai dai ya kamata a san cewa fanka, ko ta lilo ko ta lantarki, ba ta rage zafin iskar ɗaki. Abin da take yi shi ne ta kawar da iskar nan mai ɗumi da laima da ke lulluɓe da fatar mutum, ta kawo wata, gumi ya sami damar bushewa. Bushewar gumin ce take ɗauke zafi daga jiki. Shi ya sa ko 'yar iska kaɗan takan yi babban amfani a ƙasa mai laima, inda gumi ba ya saurin bushewa da kansa.

ABIN DA YA KASHE KASUWARTA

Kujerar tana da nata lahani. Na farko, jikin mutum ko yana zaune shiru yana fitar da zafi kimanin wat 100, watau kamar babban ƙwan lantarki irin na da, kuma duk wani ƙarin motsi ƙarin zafi ne. In inji ya yi tauri har sai an yi da ƙarfi, to, gumin da za a jawo ya fi wanda za a busar. Na biyu, ƙarafa da igiyoyi suna ƙara, suna kuma yawan bukatar gyara. Na uku, wanda ya fi kowanne, da zarar barci ya ɗauki mai lilo, iska ta tsaya, alhali da dare ne aka fi bukatarta, lokacin da sauro yake fitowa.

Mutanen wancan zamani ba su ma san haɗarin sauron ba. Zazzaɓin shawara ya kashe mutum kimanin 5,000 a Filadelfiya a 1793, ya kashe wajen 8,000 a Niyu Oliyans a 1853, ana ta ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Sai a 1881 likitan Kyuba Carlos Finlay ya ce sauro ne ke yaɗa ta, aka kuma tabbatar da maganarsa a 1900.

Ana cikin haka, a 1882, Schuyler Wheeler ya ƙera fankar tebur mai aiki da lantarki, ba a daɗe ba Philip Diehl ya fito da ta rufi ta hanyar amfani da motar keken ɗinki. A 1902 Willis Carrier ya haɗa na'urar daidaita sanyi da laimar ɗaki domin wata maɗaba'a a Niyu Yok. Daga nan masu kuɗin birane suka jingine kujerar fifita.

Amma wutar ba ta isa ko'ina a rana ɗaya ba. Har zuwa farkon shekarun 1930, cikin kowace gona goma a Amurka kusan tara ba su da lantarki, sai da gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935 sannan al'amarin ya fara canjawa. A tsakanin nan mutanen ƙauye sun ci gaba da zama a baranda kan kujerar lilo da maficin ganyen giginya a hannu. Waɗansu kuma suka sayi fanka mai aiki da kananzir, wadda 'yar wutar fitila take juya mata inji, bisa dabarar da wani limamin kirista ɗan Sikotlan, Robert Stirling, ya ƙago a 1816. An yi amfani da irinta ƙwarai a Indiya.

ABIN DUBAWA

A yau kujerar fifita ta koma gidajen tarihi da kundin tsofaffin zane-zane, waɗansu ma dariya suke yi in sun ga hotonta. Amma wanda ya kwana a ɗaki ɗaya mai rufin kwano a Agege ko Idi Araba ba wuta, ga kuɗin man janareta ya fi ƙarfin aljihu, ba lalle ne ya ga abin dariya a cikinta ba. Takardun mallakar fasahar nan duk wa'adinsu ya ƙare tun tuni, kowa yana da ikon ya kwaikwaya. Kayan haɗin kuma ba su wuce katako, da igiya, da faifan kwali ko na kaba, da tsohuwar ƙafar keken ɗinki ba.

Cikin 'yan Arewa mazauna Kudu akwai kafintoci, da maƙera, da masu walda, da masu gyaran keke, waɗanda aikin da suke yi kullum ya fi wannan wuya. Kujerar ba za ta yi wa mai barci kome ba, shi gidan sauro ne maganinsa. Amma maigadin da ke kwana a zaune a bakin ƙofa, da mai tireda da ke wuni cikin rumfar kwano, da tsohon da ke jan carbi bayan Azahar, duk a zaune suke ido biyu, kuma irinsu ne John Cram ya yi wa aikinsa tun farko. Shi ma ba injiniya ba ne, mai ƙera kayan kiɗa ne. Saura a ga wanda zai fara gwadawa.