Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Da zarar jikin yaro ya yi zafi, yawancin iyaye sukan aika kemis a kawo maganin maleriya, wani lokaci har da antibayotik. Alhali zazzaɓin yara da dama, musamman lokacin hunturu da mura ke yawo tsakanin gida da makaranta, ƙwayoyin cutar bairas ne ke kawo shi. Su kuwa maganin maleriya ba ya taɓa su, haka ma antibayotik.

Irin wannan zazzaɓi kan zo da yoyon hanci, tari, ciwon maƙogwaro ko jan ido, wani sa'in da gudawa. Amma ido kaɗai ba ya raba shi da maleriya. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin a ba da maganin maleriya. Ɗigon jini ne kawai daga yatsa, cikin minti 20 an san sakamako.

Idan gwaji ya nuna babu maleriya, kuma ma'aikacin lafiya bai ga wata cutar ba, sauran aikin na gida ne, yawanci zazzaɓin kan sauka cikin 'yan kwanaki. A ba yaro farasitamol daidai nauyinsa, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada ya wuce sau huɗu a rana. A nan ne ake yawan kuskure, domin wasu magungunan mura na ruwa suna ɗauke da farasitamol a ciki, in aka haɗa su sai ya yi yawa ya taɓa hanta. Asfirin kuwa kada a ba yaro. Mai shan nono a yawaita ba shi, wanda ya tasa a ba shi ruwa da kunu kaɗan-kaɗan, in da gudawa a ƙara da ORS. A rage masa tufafi, kada a lulluɓe shi da bargo wai don ya yi gumi.

Akwai lokacin da ba a jira. Jaririn da bai kai wata 3 ba, zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye. Haka yaron da ya ƙi nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko numfashinsa ke sama-sama, ko wuyansa ya sanƙare, ko ba ya farkawa sosai. In ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali ko jiƙo a baki, sannan a garzaya da shi asibiti.

Zazzaɓin da ya haura kwana uku shi ma a koma wurin likita. Ƙyanda da zazzaɓin Lassa duk bairas ne ke kawo su, kuma a kwanakin farko sukan yi kama da zazzaɓin da aka saba gani.