Hoton Ƙashi da Mas'alar Gocewar Wuya

Allah Maɗaukakin Sarki ya jera ƙasusuwa bakwai a wuyan ɗan Adam, na farko yana tallafe da ƙoƙon kai, na biyu yana da tsini wanda kai ke juyawa a kansa, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, jijiyoyin jini kuma suka bi ta gefensu zuwa ƙwaƙwalwa.

A shekarar 1895, wadda a cikinta Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus, wani mutum mai suna Daniel Palmer ya assasa wata mazhaba ta magani a garin Davenport na Amurka, ana kiranta kairofaraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu. Ɗansa B. J. Palmer ya shigar da hoton cikin sana'ar a 1910, daga bisani ya yi da'awar cewa gocewar ƙasusuwan nan biyu na sama ita ce asalin galibin cututtuka. Har yau wasu almajiransa suna jan layuka a kan hoto, suna auna karkata. Jumhurin likitoci ba su karɓi wannan da'awa ba, domin kuwa halittar ƙashi ta sha bamban tsakanin mutum da mutum, lafiyayye ma akan ga nasa a ɗan karkace, kuma motsin kai kaɗan lokacin ɗauka yana sauya ma'aunin. Ni a ganina hujjar likitocin ta fi ƙarfi.

Amfanin hoton na haƙiƙa yana wajen karaya da tsagewa da gocewa ta sosai, kuma nan ne maganar ta shafe mu mutanen Batsari da Safana, inda mai ɗori ya fi asibiti kusa. Ba a raina masu ɗori, sun miƙar da ƙafafu masu yawa. Amma wanda ya faɗo daga babur ko amalanke, ko matar da ta yi tuntuɓe da damin itace a ka, in wuya ya sage ko hannu ya mutu, murɗa wuyan da sunan gyaran targaɗe na iya taɓa laka, jiki ya shanye, wa'iyazu billahi.

Saboda haka, 'yan'uwa, a kwantar da mai irin wannan rauni kan katako, a tallafe kansa kada ya motsa, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa wuyan.