Ƙungiyar mata a Damargu: ina aka fito, ina aka kwana?

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Damargu akwai rana guda cikin mako da mata suke ajiye taɓarya da wuri. In la'asar ta yi, sai su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da kuɗinta ƙulle a bakin zane. Su shimfiɗa tabarmi a gidan shugaba, ko a gindin aduwa. A kawo akwatin ƙarfe a ajiye tsakiya. A kira suna, kowace ta zuba nata. Wadda ta makara ta biya tara.

Mai wucewa zai ce adashe ne. Amma in an rufe akwati ba a watsewa. Nan ake maganar fanfon da ya lalace, da yarinyar da ake so a cire daga lakkol, da gonar marayu da wani ya shige. Nan ma aka riƙa tsai da wadda za ta tsaya takara, lokacin da ake zaɓe. A shekarar 2024 an rushe majalisun kwamin, a 2025 kuma aka rushe jam'iyyu. Wannan zama na bisa tabarma shi ne ya rage wa mata. Don haka ya kamata manoma da makiyaya, maza da mata, su san inda ya samo asali.

Ƙasar gero, ƙasar ƙishirwa

Damargu tana arewa da birnin Damagaram, bisa hanyar Agadas. Daga Damagaram zuwa Tanut kilomita wajen 150 ne. Tun shekarar 2011 ƙasar ta zama gunduma biyu. Gundumar Tanut tana da kwamin biyar: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tanhiya. Gundumar Balbeji tana da kwamin guda, watau Tarka. A ƙidayar 2012 an sami mutum kusan dubu 430 a gundumar Tanut, da wajen dubu 96 a ta Balbeji. Akwai Hausawa, akwai Dagirawa, akwai Abzinawa da Fulani.

Tun zamanin kakanni an san Damargu da gero. Ayarin raƙuma daga Abzin nan suke saukowa su yi awo. Amma ruwa yana da nisa. Wata rijiyar sai an ɗaura wa raƙumi ko sa igiya kafin wasaki ya fito. In kaka ta wuce, samari da magidanta su tafi cin rani Kano, ko Arlit, ko Libiya. Gida ya koma hannun mace: ruwa, itace, daka, awaki, yara, tsofaffi. Wadda take ɗauke da wannan kaya ta fi kowa sanin inda yake yi mata ciwo. Amma an daɗe ba a tambayarta.

Zamanin guɗa

Lokacin shugaba Jori Hamani, jam'iyyar RDA tana da matanta. A garuruwan Hausa, kamar Maraɗi, magajiya ce take tara su, kuma yawancinsu zawarawa ne da mata masu zaman kansu. Aikinsu waƙa da rawa da guɗa ranar taro. Shi ya sa magidanta da yawa suka ɗauki siyasa abin kunya ga matar aure. Wannan tabo ya daɗe bai goge ba. Har yau akwai mazan da in sun ji an ce taron mata, abin da yake faɗo musu a rai ke nan.

A shekarar 1975, ƙarƙashin shugaba Seyni Kunce, aka kafa Ƙungiyar Matan Nijar, wadda ake kira AFN. An yi mata rassa a cikin ƙasa, ta zama abokiyar tafiyar samariya. Ta nemi matan aure su shigo. Ta kira mata zuwa yaƙi da jahilci, da awon ciki, da awon yara, da dashen itace ranar 3 ga watan Agusta. Bayan farin 1984, da dabbobi suka ƙare a Damargu, mutane suka yi gudun yunwa, gwamnati ta ce a kama noman rani, mata kuwa suna cikin waɗanda suka fara ɗaukar butar ban ruwa.

Ƙungiyar ta yi aiki, ba a musu. Amma daga sama magana take saukowa. Shugabanninta galibi matan birni ne, da matan ma'aikata. Matar ƙauye ana aika mata a ce baƙi za su zo: ta yi daka, ta yi tuwo, ta sa anko, ta tsaya cikin rana tana tafi. Baƙi su yi jawabi da Faransanci, su shiga mota su tafi. Sai a 1987 aka sami mace ta farko cikin gwamnati, Malama A'ishatu Mumuni, zamanin shugaba Ali Shaibu.

Ranar 13 ga watan Mayu

A 1991 ana shirin babban taron ƙasa. An kafa kwamitin shirya shi da mutum 68. Mace guda ce tak a ciki. Ranar 13 ga watan Mayu dubban mata suka fito bisa titunan Yamai, suka ce ba su yarda ba. Ba su koma gida ba sai da aka ƙara mata biyar. Tun 1992 wannan rana ta zama ranar matan Nijar. Mata da yawa suna ɗinka anko dominta kowace shekara, ba su san cewa da tattaki aka samo ta ba.

A wannan shekara ta 1991 wani abu ya tsiro a jihar Maraɗi, ba tare da ganga ba. Ƙungiyar CARE ta fara aiki da wasu matan ƙauye bisa dabarar asusu. Sunan abin Mata Masu Dubara. Daga nan ya bazu zuwa jihar Damagaram da sauran jihohi, har ya ƙetare zuwa ƙasashen Afirka da dama.

Yadda akwati yake aiki

Ga yadda abin yake. Mata wajen 25 ko 30 su haɗu. Su zaɓi shugaba, da ma'ajiya, da masu ƙirga kuɗi. Su yanka abin da kowace za ta riƙa zubawa a mako. Akwatin yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam dabam, ita kuwa ma'ajiya ba ta da ko guda. Ba a buɗe shi sai gaban kowa.

Misali: mata 30, kowace dala ashirin a mako. Jika uku ke nan. Cikin mako 40 an tara jika 120. Daga ciki ake ba mai so rance. Wata ta sayi gujiya ta yi mai da ƙuli-ƙuli. Wata ta sayi ɗan akuya ta yi turka. Wata ta sari kayan miya a kasuwar Bakin Birji ta kasa a ƙofar gida. In wa'adi ya cika ta mayar, da ɗan abin da ƙungiya ta yanka a kai. Ƙarshen shekara a fasa asusu a raba, ko a sayi gero da kaka, lokacin da tiya take da araha, a zuba a rumbun ƙungiya. In damina ta faɗi, rumbunan gida sun yi ƙasa, sai a fitar a sayar wa ƴan ƙungiya da sauƙi. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a Tanut sun san amfanin wannan rumbu.

Matan makiyaya suna da tasu hanya. Wajen Fulani akwai habbanaye: a ba mace akuya ko tunkiya aro, in ta haihu ta riƙe ƴaƴan, ta mayar da uwar, a miƙa wa wata. Ƙungiyoyi da yawa sun ari wannan al'ada. Wahalar ita ce zaman mako-mako bai dace da mai tashi da garke ba. In ruga ta yi arewa da damina, kujerarta a taro sai ta zama wofi.

To, ina siyasa a nan? Ga ta. Matar da ba ta taɓa magana gaban mutum goma ba, a nan take koyo. A nan take koyon zaɓen shugaba, da tsige ta in ta ci amana. A nan take koyon tambaya: nawa ya shiga, nawa ya fita, wa ya karɓa? Wadda ta saba yi wa ma'ajiya wannan tambaya, wata rana za ta yi wa magajin gari.

Kujerun kwamin

Ranar 7 ga watan Yuni na 2000 aka yi dokar kaso. Ta ce cikin waɗanda aka zaɓa, maza ko mata, kada wani jinsi ya kasa kashi 10 cikin ɗari. A 2014 aka kai shi kashi 15, a 2019 kashi 25, watau cikin kujeru huɗu guda ta mace ce. Dokar ta yi tasiri. A zaɓen 1999 mace guda ce cikin ƴan majalisar dokoki 83. A 2004 suka zama 14 cikin 113.

Ranar 24 ga watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen kwamin a duk faɗin ƙasa. An sake yi a 2011 da 2020. Jam'iyyu suka shiga neman matan da za su sa a takarda, don in babu mata takardar ba ta karɓuwa. Ina za su samo su? Wajen shugabannin asusu, don su ne mata suka sani, su ne kuma suke iya tara jama'a. Haka matan ƙauye suka fara zama a majalisar kwamin, inda ake yanka kasafin kuɗi, da harajin kasuwa, da garin da za a yi wa rijiya ko aji.

Ba duka aka ji daɗi ba. Wata jam'iyyar a ƙarshen takarda take sa sunan mace, don cika doka kurum. Wata kansilar matar wani babba ce, ko ƙanwarsa, abin da ya ce shi take ɗaga wa hannu. Takardun majalisa da Faransanci suke, wadda ba ta yi lakkol ba sai ta dangwala yatsa bisa abin da ba ta karanta ba. Ga nisa: daga wani ƙauyen zuwa mazaunin kwamin yini guda ne bisa amalanke, kuma sai maigida ya yarda. Lokacin kamfe kuwa ƴan takara su zo da sabulu da gishiri da turmin zane, ƙungiya guda ta rabu biyu, har zumunci ya ɓaci. Akwai asusun da siyasa ta fasa, ba a sake haɗa shi ba. Ƙungiyoyin da suka tsira su ne waɗanda suka ce kowace ta bar jam'iyyarta a bakin ƙofa kafin ta hau tabarma.

Ina aka kwana?

Ranar 26 ga watan Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun kwamin, aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe su. A watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyu. Kansilolin mata sun koma gida kamar takwarorinsu maza. A wannan wata ne kuma dokar sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa. Wadda ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci ba ta yi asarar lokacinta ba.

Kujerar kwamin ta tafi, amma akwai wasu kujeru kusa da gida, kuma sau da yawa babu kowa a kansu.

Ta farko ita ce ta kwamitin ƙasa, wanda ake kira kofo. Dokar karkara ta 1993 ce ta kawo shi. Akwai na gunduma, da na kwamin, da na ƙauye, kuma an ware wa mata wuri a ciki. Kofo ne yake rubuta shaidar gona: gado, ko kyauta, ko saye, ko aro, ko jingina. Shi ne yake sa ido bisa burtali da makiyaya da mashaya. A Damargu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da ƙetare ta, kuma kowace kaka ana samun rigima tsakanin mai gona da mai garke. In burtali ya toshe, Bafulatana ce take rasa nonon sayarwa. In dabbobi sun shiga gamana, Bahaushiya ce take rasa wakenta. Su biyun suna haɗuwa a bakin rijiya da kasuwa kullum, sun fi mazansu sanin juna.

Sai maganar gado. Addini ya ba ɗiya rabin rabon ɗa, ya ba matar mamaci tumuni in akwai ƴaƴa. Amma in an zo rabon gona, sau da yawa sai a ce mace aure za ta yi, a ba ta kuɗi kaɗan ko a ce ƴan uwanta su riƙe mata. Mace guda ba ta iya ja da dangi. In shugabar ƙungiya da mata biyu sun raka ta gaban mai gari da liman da kofo, magana takan canza.

Akwai kuma kwamitin fanfo, inda kuɗin ruwa suke taruwa, su ɓace, fanfo ya mutu wata shida. Akwai kwamitin lakkol da ƙungiyar iyaye mata. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar da ta ce a kiyaye karatun yarinya har ta kai shekara 16. Malami shi kaɗai ba ya iya zuwa gidan uban yarinya ya ce a dakata da aure. Iyaye mata suna iyawa, don sun san ƙofar da ake shiga.

Duk waɗannan kujeru suna son abu biyu: karatu da takarda. Ƙungiyar da ba ta da mai rubutu a cikinta, sai ta ɗauko ɗan wani ya riƙe mata littafi, asirinta ya fita. Mata da yawa kuma ba su da takardar haihuwa, balle katin ɗan ƙasa. Jariri ana rubuta shi a gidan likita ko wajen mai kula da rajista na ƙauye, kuma a yi da wuri, tun kafin wa'adi ya wuce. Babba wanda ba shi da ita sai ya bi ta wajen alƙali, da shaidu biyu. Wani lokaci alƙali yakan fito ƙauyuka don wannan aiki. Shugabannin ƙungiya su riƙa tambaya a ofishin kwamin, su tara sunayen matansu tun kafin ranar ta zo.