Daga Mai Wurno zuwa zaman intabiyu: abin da 'ya'yanku za su tarar a manyan kamfanonin fasaha

Ranar da na gaya wa Baba cewa wani babban kamfanin fasaha ya kira ni intabiyu, tambaya ɗaya ya yi mini: "To, wa ka sani a can?" Na ce babu kowa. Ya girgiza kai, ya ci gaba da awon riɗinsa. Ban ga laifinsa ba, domin a kasuwa sai da sanayya ake ba da bashi.

Ni ɗan Mai Wurno ne, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Nilu kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Na karanta ilimin kwamfuta a Wad Madani, ina cikin neman aiki yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Da ya iso Madani a Disamba, sai muka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka muka nufi Gadarif wurin Kawu. Rumfar Baba ta tafi, jari ya karye, ido ya dawo kaina. Na rubuta wannan ne saboda iyayen da ke ganin yaro ya duƙufa kan kwamfuta dare da rana, ba su san me yake fama da shi ba.

Kamfanoni irin su Google, Amazon, Microsoft da Meta ba sa ɗaukar injiniyan manhaja a zama ɗaya. Da farko jami'in ɗaukar ma'aikata zai kira na ɗan lokaci, ya ji tarihin karatunka da Turancinka. Sau da yawa akwai jarrabawa ta intanet a shafi irin HackerRank, agogo na tafiya kana rubutu. In ka haye, sai wani injiniya ya zauna da kai ta bidiyo kamar minti 45, ya ba ka matsala, ka rubuta maganinta yana kallo. Bayan nan ne babban zama: ganawa huɗu ko biyar, kowace da mutum daban. Daga farko zuwa ƙarshe abin kan ci makonni, wani lokaci watanni.

Wace irin tambaya ake yi? Ga wata sananniya, wadda ɗan kasuwa zai gane nan take. An ba ka farashin kaya na kwana 1,000, ka nemo ranar saye da ranar sayarwa da za su ba da riba mafi tsoka. Mai gaggawa zai gwada kowace rana da duk ranakun da ke bayanta, wato gwaji kusan 500,000. Mai dabara kuwa sau ɗaya zai bi jerin, yana riƙe da farashi mafi araha da ya gani zuwa yanzu, yana auna na kowace rana da shi. Taki 1,000, an gama. Da na bayyana wa Baba, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe abin da nake yi da ka shi suke biyan kuɗi a kai!"

Wanda ya jima a aiki ana ƙara masa tambayar tsara babbar manhaja, misali yadda za a gina dandalin saƙonni da miliyoyin mutane za su hau ba tare da ya durƙushe ba. Sannan akwai ganawar hali: ba mu labarin ranar da kuka saɓa da abokin aiki, ko ranar da ka yi kuskure. Amazon ma tana da ƙa'idojin shugabanci 16 da take auna amsoshi da su. Nan ne tarbiyyarmu ke iya ba mu matsala, don an koya mana kunya, ba ma son cewa "ni na yi". Su kuma abin da kai ka yi da hannunka suke son ji.

Karon farko faɗuwa na yi. Da aka ba ni tambaya sai na yi gum, ina lissafi a zuci kusan minti goma, alhali mai tambayar so yake ya ji yadda nake tunani, in yi tambaya, in faɗi hanya mai sauƙi kafin in gyara ta. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, intanet ya bi ta. Da saƙon haƙuri ya zo na kasa cin abinci. Inna ta zauna kusa da ni ta ce, "Ɗan nan, wane fatake ne bai taɓa dawowa da kayansa ba?"

Na yi wata huɗu ina warware tambayoyi a LeetCode, biyu ko uku kullum bayan asuba, ina magana da ƙarfi kamar mai karatun allo. Kawu ya sayar da buhunan riɗi ya saya mini batir da faifan sola, muka kuma shirya da wani mai Starlink don ranar. A wani kamfanin daban, Allah ya nufa na haye. Albashin farko agashe na saya wa gida kaf, na biyu kuma ya koma jarin Baba.

Saboda haka iyaye, ga roƙona. Ku ba yaro lokacin shiri, ku rage masa aike a watannin nan. Ranar ganawa a sama masa ɗaki shiru, wuta da intanet na ko-ta-kwana. Duk wanda ya ce a turo kuɗi kafin a yi intabiyu ɗan damfara ne, kamfanin gaskiya ba ya karɓar ko sisi. In kuma ya faɗi, kada a yi masa gori, don galibi ana iya sake nema bayan wata shida zuwa shekara. 'Ya'ya mata ma ƙofar a buɗe take gare su, yanzu haka ƙanwata ce ke zaune gaban tsohuwar kwamfutata.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a Sudan, ya yi wa neman kowa albarka.