Wuƙar Gona: Wacce Za Ka Saya Idan Aikinka Na Ruwa Da Gishiri Ne?



Duk wanda zai fara kiwon tarwaɗa ko kaji, lissafinsa kan manyan kaya yake tsayawa: tamfol ko tanki, 'ya'yan kifi, 'yan tsaki, buhunan abinci, rigakafi. Wuƙa ba ta shiga lissafi. Sai ranar kwasar kifi, ko ranar da zafi ya kayar da buroila ana neman a yanka ta kafin ta zama mushe, sannan a tura yaro cikin gida ya aro ta kicin. Ita kuwa wuƙa kullum tana hannun mai gona. Da ita ake farke buhu, a yanke tiyo, a datse igiya, a gyara raga.

Wasunku sun ci karo da tallar wuƙaƙe a intanet waɗanda aka ce an ƙera su don masuntan bakin teku, suka wuce, suna cewa ina ruwan mutumin Shika da teku. To, ruwanka ne fa. Ruwan teku gishirin da ke cikinsa bai wuce kusan giram 35 a kowace lita ba. Mai bandar kifi da ya narka kilo 1 na gishiri a lita 10 don jiƙa kifinsa, ya haɗa ruwa mai giram 100 a lita, kusan ninki uku na teku ke nan. Ga gishirin da muke barbaɗa wa tarwaɗa don ta mutu kuma yauƙinta ya fita. Ga wankan gishiri da ake yi wa kifin da ya ji ciwo a fata. Ka ɗora jini a kai, ka ɗora laimar watan Agusta. Wuƙar da ke aiki a gidan kifi na Samaru tana shan wuyar da ba ta gaza ta mai kwale-kwale a Legas ba.

Mu fara da ƙarfen. Wuƙar maƙera, wadda galibi daga tsohon sifirin na mota ake ƙera ta, ƙarfe ne mai kabon da yawa. Kaifinta ba a magana, saurin wasuwa gare ta, ga araha. Shi ya sa mahauta ba sa rabuwa da ita, kuma ni ba na raina ta. Matsalarta ɗaya ce: ka bar ta da danshin gishiri da yamma, da safe ka tarar ta yi ja. Wannan tsatsar kuwa a jikin kifin da za ka sayar take gogewa.

Ƙarfen da muke kira sitenles, wani Bature mai suna Harry Brearley ne ya samar da shi a garin Sheffield na Ingila a 1913. Sirrinsa wani sinadari ne, kuromiyom. Sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfe da wannan suna. Kuromiyom ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wani siririn lulluɓi a saman ƙarfen, wanda ido ba ya gani, shi ke tare tsatsa. Ko an kankare shi, yana sake yin kansa. Amma babban maƙiyinsa gishiri ne. Gishiri yana huda lulluɓin nan ɗigo-ɗigo, sai ka ga ƙananan tabo baƙaƙe ko ja-ja a ruwan wuƙar, daga baya su zama ramuka. Saboda haka idan mai shago ya rantse maka cewa "wannan ba ta tsatsa har abada", ka yi murmushi kawai. Gaskiyar magana, tana jinkirin tsatsa ne.

Yawancin wuƙaƙen sitenles masu araha da za ka gani a kasuwar Sabon Gari 'yan China ne, kuma wasu suna da rubutu a gindin ruwan wuƙar, kusa da ƙota. Ka koyi karanta shi. Idan ka ga 3Cr13, wannan 13 ɗin yana nufin kuromiyom kusan kashi 13, shi kuma 3 na farko kabon ne kusan kashi 0.3. Idan 8Cr13MoV ce, kabon ɗinta ya kai kusan 0.8. Ka ga bambancin? Mai kabon da yawa ta fi riƙe kaifi, amma kabon ɗin yana kame wani sashe na kuromiyom, sai kariyar tsatsa ta ragu. Mai kabon kaɗan, irin 3Cr13 ko wadda aka rubuta wa 420, ta fi jure gishiri, sai dai tana saurin dakushewa. A ganina, ga mai aikin kifi wannan ta biyun ta fi. Dakushewa minti biyu ne a kan dutse, amma ramin tsatsa ba shi da magani. Idan kuma gwanjo ce ta Turai, kalmar "Inox" ko "Rostfrei" duk sitenles suke nufi, ta farko da Faransanci, ta biyu da Jamusanci.

Rubutu dai rubutu ne, kowa zai iya buga shi. Akwai wuƙar da baƙin ƙarfe ce aka shafe ta da abu mai ƙyalli. Duba bakinta daidai inda aka wasa, da kuma bayanta, idan ka ga kamar ɓawo yana ɗagowa ko launi biyu, ajiye masa kayansa. In kana da niyyar sayen uku ko huɗu don yaran gona, sayi ɗaya tukuna. Ɗiga mata ruwan gishiri ka bar ta ta kwana. Ta gari ba za ta wuce ɗan tabo da ƙyalle zai goge ba, ta bogi kuwa za ta tona kanta.

Wani abu da ya kamata a daina: gwaji da mayen ƙarfe. Mutane suna cewa in maye ya kama, ba sitenles ba ne. Wannan a kan wasu cokula da tukwane yake aiki. Sitenles ɗin da ake ƙera wuƙa da shi maye yana kama shi sosai, domin irin wanda ke taurara ne ya ɗauki kaifi. Kar ka mayar da wuƙa mai kyau saboda wannan.

Akwai masu tsada da aka yi don ruwan gishiri takanas, kamar na kamfanin Spyderco na Amurka masu ƙarfen H1. Suna da kyau, amma wuƙar da kuɗinta ya haura na buhun abincin kifi ba ta mai farawa ba ce, balle ma a gona wuƙa ɓata take yi, ko ta faɗa tanki, ko ta bi wani gida.

Yanzu batun mai ninkewa, wato 'yar aljihu. Amfaninta a fili yake: ka sa a aljihu ka shiga aiki hannu biyu, ba ta huda tamfol, ba ta yanki yaro. Abin dubawa na farko shi ne makullinta. Buɗe ta, ka danna bayan ruwan da ƙarfi. Idan ta motsa ko ta nemi rufewa, ba da kai ba, domin ranar da hannunka ke cike da yauƙin tarwaɗa a kan yatsunka za ta rufe. Na biyu, ɗaga ta sama ka leƙa tsakiyar ƙotar. Wadda haske ke wucewa ta bayanta ita ce ruwa zai ratsa ya wanke, ta bushe da wuri. Ƙota ta roba mai kaushi ta fi. Ta katako, ko da irin Opinel ce ta Faransa mai suna, tana kumbura in ta sha ruwa har wuƙar ta ƙi buɗuwa. Tsawon ruwan kada ya wuce faɗin yatsu huɗu. Ka rabu da masu maɓalli da ke fitowa fat, da masu tarkacen almakashi da mabuɗin kwalba, duk maɓoyar tsatsa ne. Sau da yawa ma ruwan wuƙar lafiyarsa ƙalau, ƙusar da ke riƙe da shi ce ke fara ruɓewa. Kuma don Allah, in an tashi aiki a bar ta a gona. Yawo da wuƙa a aljihu cikin gari, a wannan zamanin, jawo wa kai tambayoyi ne.

Inda nake so a saurara da kyau: 'yar aljihu ba ta yanka ba ce. Ƙoƙon kan tarwaɗa tauri gare shi, zai sassauta mata gaɓa cikin mako guda. Yankan kaza kuma yana son doguwar wuƙa mai kaifi wadda za ta gama a ja ɗaya, kamar yadda addini ya koyar kada a wahalar da dabba. Abin da ya fi waɗannan duka, jini da gashi suna maƙalewa a gaɓar da take ninkewa, inda soso ba ya kaiwa. Kar mu manta, karon farko da aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka, a watan Fabrairun 2006, a wata gona ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta Kaduna. Irin waɗannan cututtuka a jikin takalmi, buhu da kayan aiki suke tafiya. Ka je NAPRI ka sayo 'yan tsakin ShikaBrown da guminka, ka bi rigakafi ɗaya bayan ɗaya, sannan wuƙar aro ta shigo maka da abin da zai share ɗakin? Wuƙa biyu za ka saya: 'yar aljihu don buhu da igiya da tiyo, da miƙaƙƙiya mai ƙotar roba don yanka da gyara. In kana haɗa kifi da kaji, kowane ɓangare da tasa, ka ɗaura wa ɗaya jan zare don kar a rikita.

Kulawar ba ta da yawa. Da an gama aiki a ɗauraye da ruwa mai kyau da sabulu tun gishirin bai bushe ba. Idan za ka kashe ƙwayoyin cuta da Hypo ko Jik, ka tsarma shi da ruwa, minti goma ya isa, sannan ka sake ɗaurayewa. Kar ka bar ta ta kwana a ciki, sinadarin da ke cikinsu ɗan uwan na gishiri ne, haka yake huda sitenles. Goge ta, ka bar 'yar aljihun a buɗe ta sha iska kafin ka ninke. Ɗigo ɗaya na man gyaɗa a gaɓar, ka goge ragowar don kar ya yi danƙo. Baƙin mai kuwa kada ya kusanci wuƙar da ke taɓa abin da mutane za su ci. Kuben fata yana riƙe danshi, don haka da damina a rataye wuƙar a ƙusa, nesa da buhun gishiri. Idan tabo ya fara fitowa, toka da lemon tsami sun isa su ɗauke shi tun bai yi rami ba.