Rumbun da ya rage a takarda

Rumbu na cikin gine-ginen karkara da matafiya suka riƙa zanawa a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Hafsan Faransa Louis-Gustave Binger ya ratsa yankin daga Bamako zuwa gaɓar teku tsakanin 1887 da 1889, yana zana ƙauyuka, bukkoki da masallatai. Édouard Riou ya gyara zane-zanen, aka buga su a littafi a 1892. A garin Kong, inda Hausawa marina ke da unguwa, Binger ya haɗu da Marcel Treich-Laplène, wanda unguwar Treichville ta Abijan ta ci sunansa.

Zanen rumbu kan nuna yadda manomi ke tunani. Ana ɗora shi kan duwatsu saboda gara da danshi, a gina jikinsa da laka, a kifa masa jinka, a bar ƙaramin baki can sama don ɓera da ɓarawo. Girmansa shi ne ma'aunin cimakar gida har wata kaka.

Ba a jima ba bayan tafiyar Binger, sai sauyi ya zo. A 1904 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan, a 1950 aka buɗe mashigin ruwa na Vridi, sai masana'antu suka biyo baya. Adjamé, tsohon ƙauyen ƙabilar Ebrié a Abijan, ya zama kasuwa da tasha, hatsi ya koma buhu da sito. Zanen matafiyan na idon ɗan mulkin mallaka ne, amma ya adana fasalin ginin da siminti da kwano suka ture.