Noti Ɗaya Ya Tsai Da Gona: Jan Kunne Kan Mai Da Tiredi

A rangadin duba makarantu da muka yi cikin ƙasar Ƙaraye da Rogo, mun tsaya a bakin wata fadama, muka tarar da wani manomi ya yi tagumi, injin ban-ruwansa a kashe, tumatir kuwa ya fara langaɓewa. Da muka tambayi dalili, sai ya miƙo mana ɗan noti guda. Nasa na asali ne ya karye, aka yanka masa wannan, aka ɗaura shi da ƙarfin tsiya, ya cinye tiredin da ke jikin injin. Kwana uku ke nan gona ba ta sha ruwa ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Calawa cikin 1992, injunan ban-ruwa suka daɗa yawaita a wannan yanki, ga na niƙa, ga babura. Dukkansu tiredi ne ke riƙe da su, watau wannan zanen da ya nannaɗe jikin noti. Saboda haka mai injin sassaƙar ƙarfe ya zama kamar maƙerin gari a zamanin kakanninmu. Har cikin malamai mun ga masu taɓa aikin don sha'awa bayan an tashi makaranta. Da su, da almajiransu, muke wannan magana.

Mu fara da kan injin, wanda ke damƙe ƙarfe yana juyawa da shi. Yawanci muƙamuƙi uku gare shi. A cikinsa akwai wani faifai mai rami nannaɗe kamar gammo. Idan aka murɗa mabuɗi, sai faifan ya juya, ya turo muƙamuƙan nan uku gaba ɗaya su haɗu a tsakiya. To, in ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ramin nan, ɗaya zai riga sauran isa, ƙarfen ya karkace. Tiredin da aka yanka a kan karkataccen ƙarfe kuwa, gefe guda zai yi zurfi, gefe guda ya yi sama-sama.

Kuskuren da muka fi gani shi ne cusa girisi a gaban kan injin, wai don ya yi laushi. Girisi kama datti yake yi. Idan ya haɗu da ɓarɓashi da ƙurar hunturu, sai ya koma tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin faifan a hankali. Abin da ya kamata shi ne a zare muƙamuƙan, a wanke su da kananzir da buroshi, a goge, sa'an nan a shafa mai tsabtatacce kaɗan ƙwarai. Girisi wurinsa baya, inda haƙoran giya suke a rufe. In akwai takardar kamfanin da ya ƙera injin, a bi abin da ta ce. A kuma lura, kowane muƙamuƙi yana da lamba, 1 da 2 da 3, tilas ne kowanne ya koma raminsa bi da bi.

Sai maganar tiredi. Wajen shekara ta 1800 wani Bature a Ingila, Henry Maudslay, ya kyautata injin da ke yanka tiredi daidai wa daida. Amma kowane maƙeri nasa awo yake bi, notin wannan ba ya shiga na wancan. Cikin 1841 Joseph Whitworth ya kawo awo guda mai kusurwar digiri 55, Ingila ta bi shi. Cikin 1864 William Sellers na Amurka ya kawo nasa mai digiri 60. A yau awon milimita, shi ma mai digiri 60, shi ya fi yawa a duniya, amma tiredin bututun famfo na awon Ingila har yanzu inci yake bi. Duk waɗannan iri suna kwance tare a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ido kuwa ba ya raba su.

Ga misalin irin abin da ya sami manomin nan. Notin milimita 8 na yau da kullum, tsakanin zanensa da na gaba milimita 1.25 ne. Notin 5/16 na inci kaurinsa milimita 7.94, kusan ɗaya ke nan da wancan, amma zane 18 gare shi a kowane inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, a raba da 18, a sami 1.41. Zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sa'an nan ya cije. A nan ne mai gaggawa kan ɗauko dogon sifana. Dokar kuwa ɗaya ce: notin da bai shiga da yatsu ba, ba na wurin ba ne.

Haka kuma ramin da za a yanka wa tiredi yana da awonsa. A cire tazarar zane daga kaurin noti, abin da ya saura shi ne kaurin abin huji. Noti mai milimita 10, tazararsa 1.5, raminsa 8.5. Mai milimita 8, raminsa 6.8. In ramin ya ƙanƙance, mayankin ya karye a ciki; in ya yi faɗi, tiredin ba zai yi ƙarko ba. Mai yankan hannu ya yi gaba rabin zagaye, ya ɗan dawo baya don ɓarɓashi ya karye. Mai yanka da inji ya ci kaɗan-kaɗan, yana gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Man yanka dabam, man shafa wa inji dabam. Baƙin ƙarfe irin na noti yana son mai a bakin mayanki, don ya rage zafi kuma zanen ya fito sumul. Ƙarfen zubi da farar tagulla a bushe ake yanka su. Alminiyan kuwa kananzir ya ishe shi. Baƙin man da aka juye daga mota cike yake da datti, kada a kai shi kusa da kan injin.

Akwai kuma abin da ya fi noti tsada, watau rai. Kada a bar mabuɗi a jikin kan injin ko da na ƙiftawar ido ne, gama in aka tayar da inji zai fita kamar jifar majajjawa. Kada kuma a tsaya gaban inji da babbar riga ko hannun riga mai lilo. Injin bai san mai shi ba.

Muna roƙon malamai su kai noti biyu da ma'auni cikin aji. Yaron da ke ganin lissafin ɗigo wahalar banza ce, ran da ya raba 25.4 da 18 ya ga dalilin da noti ya cije, ya gane amfaninsa har abada. Akawunan ƙananan hukumomi kuma, in za su rubuta odar kayan famfo ko na tarakta, kada su tsaya ga rubuta "noti dozin biyu". A rubuta kauri, da tsawo, da irin tiredi. Layi ɗaya ne a takarda, amma yana iya tsare kuɗin jama'a da amfanin gonar talaka. Allah ya sa mu gane, ya ba mu ikon gyarawa.